Hawan igiyar ruwa a kan duwatsun Ngor: jagora ga wanda ya riga ya goge

Bakano ya fi sanin Senegal ta wajen Kaulaha da ziyarar gidan Shehu Ibrahim Inyass. Amma ga ɗan Kano da ya koyi hawan igiyar ruwa a bakin tekun Legas, ko a wata ƙasa da karatu ko kasuwanci ya kai shi, akwai wani wuri a Senegal ɗin da ya cancanci tafiya ta musamman: tsibirin Ngor, a arewa maso yammacin Dakar, dab da Almadies, inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta wajen yamma.

Wannan bayani ba na ɗan koyo ba ne. Wanda ake magana da shi shi ne mai iya tashi tsaye a kan igiyar da ta fi shi tsawo ba tare da tunani ba, mai iya nitsar da allonsa ƙarƙashin kumfa sau biyar ko shida a jere bai ruɗe ba, kuma mai iya ninƙaya ya fito gaɓa ko allonsa ya tsinke ya bar shi. In ɗaya daga cikin ukun nan bai zauna ba, a Dakar ɗin akwai Yoff da Virage, masu ƙasan yashi. A can za ka fara, babu abin kunya.

Bambancin yashi da dutse

Wanda ya taso a Tarkwa Bay ta Legas ya saba da ƙasan yashi. Yashi yana yafiya: ka faɗi, ka bugu, ka tashi. Sai dai yana ƙaura, tudun da ya ba ka igiya mai kyau a wannan watan zai iya gushewa a wata mai zuwa. Dutse ba ya yafiya, amma ba ya ƙaura. Inda igiya ta karye bara, nan za ta karye bana, matuƙar ta zo daga kusurwa ɗaya, da girma ɗaya, ruwa kuma yana zurfi ɗaya. Saboda haka wurin dutse wuri ne da ake haddacewa, kuma yawancin aikin a tudu ake yin sa, ƙafa ba ta taɓa ruwa ba.

Duwatsun wannan yanki baƙaƙe ne, na tsohon aman wuta, dangin tuddan Mamelles guda biyu da ke Ouakam. Suna da ramuka da kaifi, ramukan kuma cike suke da bushiyar teku, wata halitta mai kamar ƙwallo da dogayen ƙayoyi baƙaƙe. Igiyar da aka fi sani ita ce Daman Ngor, a ƙarshen tsibirin ta yamma. Ana ce mata dama ne don mai hawa, idan ya fuskanci tudu, hannunsa na dama yake bi. A ɗaya ƙarshen akwai Hagun Ngor. A hanyar Daman akwai duwatsu biyu da masu wurin suke kira Mami da Papi. Su ne abin da za ka fara nema da ido, kuma su ne za ka riƙa tunawa duk lokacin da kake cikin ruwa.

Karanta teku tun kana Kano

Dakar tana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin Atilantika, shi ya sa take karɓar igiyoyi daga fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Maris guguwar hunturun arewacin Atilantika ce ke turo su, kuma wannan ne lokacin Ngor, domin arewa take kallo. Daga wajen Mayu zuwa Satumba na kudu ne suke ƙarfi, su kuma gaɓar Almadies da Ouakam suke duka.

Shafukan hasashe irin su Windguru, Windy da Surfline za su ba ka lambobi. Wanda mutane suka fi kallo shi ne tsayi, alhali tazara ta fi shi muhimmanci. Tazara ita ce daƙiƙun da ke tsakanin igiya da mai bi mata. A ruwa mai zurfi, tsawon igiya a mita, wato nisan da ke tsakanin ƙololuwarta da ta mai bi mata, shi ne tazarar sau kanta sau 1.56. Mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta kusan mita 100 ne, mai daƙiƙa 12 kusan mita 225, mai daƙiƙa 15 kuwa ta kai mita 350. Igiya tana fara jin ƙasa ne a zurfin da ya kai rabin tsawonta, to ka ga mai daƙiƙa 15 tun daga nesa take lanƙwasa, tana tattara ƙarfinta wuri guda, ta iso kan falalen dutse ta miƙe tsaye ta yi kauri. Mita ɗaya da rabi a daƙiƙa 8 wasa ne mai hargitsi. Mita ɗaya da rabi a daƙiƙa 15 igiya ce da za ta haura kanka sosai, ta kuma tsotse ruwan da ke kan dutse kafin ta faɗo. Zuwan farko, nemi ranar da take tsakanin daƙiƙa 10 zuwa 12, tsayi bai wuce mita ɗaya da rabi ba.

Shi ma tsayin da aka rubuta a fahimce shi. Matsakaicin kashi ɗaya cikin uku na manyan igiyoyi ne, ba mafi girmansu ba. A cikin sa'o'i kaɗan za a iya samun guda ɗaya da ta kusa ninka shi. Ƙarfin kuma ba daidai da tsayi yake ƙaruwa ba: igiya ta ninka tsayi, ƙarfinta ya ninka sau huɗu.

Sai iska. Mai kyau ita ce mai fitowa daga tudu tana fuskantar igiya, tana riƙe fuskarta a tsaye sumul. Ga Daman Ngor wannan iskar kudu ce, ko kuma rashin iska baki ɗaya. Matsalar ita ce a watannin da igiyoyin arewa suke zuwa, iskar da ta fi yawa daga arewa da arewa maso gabas take, 'yar uwar hunturun da ke busar da leɓe a Kano. Tana ƙaruwa yayin da rana ke ɗagawa. Don haka a Ngor sammako shi ne ciniki: sallar asuba, shayi, sai bakin ruwa da fitowar haske. In ta riga ta taso ta dagula arewa, kada ka yi gardama da ita. Ka juya kudancin tsinin, wajen Vivier da Secret a Almadies, domin iskar da ta ɓata Ngor ita ce take gyara can.

Abu na huɗu shi ne cikar teku da janyewarsa, kuma a nan mai bin watan Musulunci ya fi kowa sauƙi. Teku yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan sa'a 12 da minti 25, kullum kuma yana jinkirtawa da kusan minti 50. A farkon wata da kuma daren 14 zuwa 15, cikar tana yin sama sosai, janyewar tana yin ƙasa sosai. A wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 ga wata bambancin kaɗan ne. A Dakar, ko a ranakun da ya fi yawa, tsakanin mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Igiya tana karyewa ne idan tsayinta ya kai kusan kashi takwas cikin goma na zurfin ruwan, saboda haka santimita 50 kawai sun isa su mai da wurin da ka wuce lafiya ya zama baƙin dutse a fili.

Ruwan kuma ba daidai yake sauka ba. Raba bambancin gida 12: sa'ar farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Idan bambancin ranar mita 1.2 ne, a sa'ar farko bayan cika santimita 10 kawai zai ragu, amma a sa'a ta uku da ta huɗu santimita 60 za su tafi. Nan ne mutane suke shiga uku: sun shiga ruwa a cike, daɗi ya ɗebe su, suka juyo hanyar fita ta zama ƙayoyi. Baƙo ya shiga yayin da ruwa yake hawa, daga tsakiya zuwa cika. Ka kuma tuna agogon Senegal yana bayan na Najeriya da sa'a ɗaya. Duba ko wayarka ta sauya, don jadawalin da aka karanta da agogon Kano ya riga ya kauce da sa'a guda.

Jiki da kaya

Babban raunin mazaunin Kano ba ƙwarewa ba ne, nisa da teku ne. Ƙafa ba ta manta tsayuwa a kan allo, amma kafaɗa tana manta tuƙi cikin makonni kaɗan. Fara shiri mako takwas kafin tafiya. Wurin ninƙaya sau uku a mako: ka kai ga yin mita 400 ba tsayawa, sannan ka ƙara gajerun gudu na mita 25 sau goma, hutu daƙiƙa 20 a tsakani, domin abin da tsere wa babbar igiya yake nema ke nan. A gida, tashi daga kwance zuwa tsayuwar allo sau 20 safe da yamma. Dam irin Tiga ko Challawa ba wurin wannan atisaye ba ne, ga haɗarin tsargiya, ga rashin mai ceto. Kada kuma ka gwada riƙe numfashi a ruwa kai kaɗai, kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso. Yin haka yana kashe alamar da jiki yake bayarwa cewa iska ta ƙare, sai mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya ji zuwanta ba.

Allo: ɗauki wanda ya fi na kullum tsawo da inci uku zuwa shida, don ka shiga igiya da wuri, ka tsaya kafin ta miƙe. Allo biyu sun fi ɗaya, dutse ba ya tambayar nawa ka saya. Tambayi kamfanin jirgi iyakar tsawon da suke karɓa da kuɗinsa tun kafin ka sayi tikiti, kuma a kowane zango, domin daga filin Malam Aminu Kano sai ka canja jirgi. Cire fikafikan da ke ƙarƙashin wutsiyar allon, naɗe hanci da wutsiya da kwali da soso, mabuɗin fikafikan kuma ka riƙe guda biyu.

Talala, wato igiyar da ke ɗaure allo da ƙafa: tsawonta ya kai tsawon allon, kaurinta milimita 7, sabuwa. Ja ta ka duba tsagewa a kusa da maɗaurai biyu, nan take tsinkewa. Zaren da ke haɗa ta da allo ya zama gajere, yadda faffaɗan ƙyallen da ke ƙarshen talalar ne zai hau gefen wutsiya. In zaren ya yi tsawo, shi zai yanka allon kamar wuƙa ranar da igiya ta ja. Ka kuma koyi ɓalle ta daga idon sawu da hannu ɗaya, ido a rufe, domin a wurin dutse talala tana iya naɗewa a ƙasa ta riƙe ka.

Takalmin roba mai kaurin milimita 2 ko 3, mai taurin tafi, wanda ya kama ƙafa sosai. Mai faɗi yana shan ruwa ya riƙa lanƙwashewa lokacin tashi. Wasu gwanaye suna raina shi, sun ce yana rage jin allo. Gaskiya ne, amma su a kan duwatsun nan suka girma.

Ruwan Dakar a Fabrairu da Maris yana sauka wajen digiri 20, wani lokaci ƙasa da haka, saboda ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wannan gaɓar. Wanda ya saba da ɗumin Legas zai yi mamaki. Rigar roba doguwa mai kaurin milimita 3 a jiki da 2 a hannu ita ce daidai, kuma tana kare fata daga gurzar dutse. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan yana kai 27 zuwa 28, riga marar kauri ta isa. Kakin da ake shafa wa allo shi ma da zafin ruwa yake tafiya: na ruwan zafi yana taurarewa ya yi santsi a ruwan sanyi, don haka sayi na ruwa mai sanyi-sanyi. Hular kwano ta masu hawan igiya ba ado ba ce a ranar da ruwa ya yi girma.

Takardu ba su da wuya: mai fasfo ɗin Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma sabunta allurar titanos idan ta haura shekara goma. Filin jirgin Blaise Diagne yana Diass, kusan kilomita 50 daga Dakar, don haka nemi motar da allo zai shiga ko mai abin ɗauri a sama.

Ranar farko ta ido ce

Daga bakin ruwan ƙauyen Ngor kwalekwale ke tsallakar da mutane zuwa tsibirin cikin 'yan mintuna. Babu mota a can, da ƙafa ake zagayawa. Je ka lokacin da ruwa ya janye ƙwarai, ba da allo ba. A lokacin ne za ka ga ƙashin wurin: ina falale yake, ina rami, ina Mami da Papi suka fito, ina bushiya ta yi dandazo. Ɗauki hoto. Ka dawo wurin da ruwa ya cika ka kwatanta.

Sannan ka zauna da agogo aƙalla minti 30. Manyan igiyoyi zubi-zubi suke zuwa. Ƙirga guda nawa ne a zubi, ta nawa ce ta fi girma, da kuma minti nawa ake samun lafawa tsakanin zubi da zubi. Idan tazara doguwa ce, lafawar tana iya kai minti 10 ko 15, wanda ya kalla na minti biyar kawai zai rantse babu komai a ruwan. Kalli inda kumfa take gudu bayan zubi ya wuce, nan ruwa yake komawa, nan kuma zai ja ka. Kalli inda launin ruwa ya yi duhu, igiya ba ta karyewa: wannan shi ne mashigi, wurin tsira.

Abu mafi muhimmanci: kalli yadda 'yan wurin suke fita, ba yadda suke shiga ba. Ka san mafita biyu, ta kullum da ta ranar da allo ya karye. Ngor garin masunta ne, 'yan ƙabilar Lebu, kuma yaransu ne gwanayen wannan igiya. Sallama da gaisuwa a tsanake suna buɗe baki a can kamar yadda suke yi a Kurmi. Ɗauki ɗan jagora daga cikinsu na kwana biyu ko uku, ka biya shi hakkinsa. Abin da zai nuna maka da yatsa a minti biyar ya fi mako guda na kallonka.

Shiga

Hanya mafi sauƙi ita ce kwalekwale ya ajiye ka a mashigi. Ta biyu, ka tuƙa daga wurin yashi ka zagayo ta ruwa mai zurfi, ko da ya fi nisa. Ta uku ita ce tsalle daga dutse, kuma a nan aka fi jin ciwo.

In dole ne, ga yadda ake yi. Riƙe talala a naɗe a hannun da ke riƙe da allo, kada ta ja ƙasa ta maƙale. Taka baƙin dutse busasshe, ka guji kore, gansakuka ce, ta fi sabulu santsi. Tsaya a inda ruwa ba ya isa, ka jira zubi ya ƙare ƙaf. Bayan ta ƙarshe, matsa zuwa baki da sauri, ƙafa a ware, kana fuskantar teku. Jira ƙaramar igiya ta taso ta cika gaban dutsen, ka faɗa a bayanta daidai lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa, allo a gaba, ƙirjinka a kansa, jiki a shimfiɗe. Ruwan da ke komawa shi zai ɗauke ka ya fitar. Tuƙa da ƙarfi sau 15 ko 20 ba waiwaye, hannu ba ya nitsewa da zurfi har sai ka tabbata ka bar falale.

Kuskure iri biyu ne. Wanda ya yi gaggawa ya faɗa gaban igiya, ta mai da shi kan dutse. Wanda ya yi jinkiri ya faɗa bayan ruwa ya janye, fikafikai su daki dutse, hannu ya sauka a kan bushiya. Na biyun ya fi yawa, kuma shakka ce ke kawo shi. In ka ji zuciyarka ta rabu biyu, ja da baya ka jira wani zubin.

A cikin ruwa

Kada ka nufi tsakiyar taro kai tsaye. Zauna a kafaɗar igiya, inda ba ta karye ba tukuna, ta gefen mashigi, ka bar zubi biyu su wuce. Nemi alama biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya, misali kusurwar gini da wani dutse, sannan wasu biyun ta gefe. Da zarar sun rabu, ruwa ya ja ka, gyara zama. Ba a jin jan ruwa a jiki, a ido ake ganin sa.

Ƙa'ida ɗaya ce ko'ina: wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa, tasa ce. A wurin yashi, shiga gaban mutum rashin kunya ne kawai. A nan kuwa, ka tare masa hanya ka tura shi kan Papi. Mai dawowa bayan hawa ya zagaya ta mashigi. In ya rutsa da kai tsakanin mai hawa da kumfa, kumfar za ka nufa, ka sha dukanta, ka bar masa fuskar igiya.

Bar ta farko a zubi. Idan ka faɗi a kanta, sauran uku ko huɗu a kanka za su sauka, kowace tana matsar da kai ciki. Zaɓi ta ƙarshe ko wadda ta gabace ta. Idan ka yanke shawarar hawa, ƙara tuƙi biyu bayan ka ji ta ɗauke ka, musamman in iskar tudu tana busawa, domin tana shiga ƙarƙashin hancin allo ta riƙe ka a sama har leɓen igiya ya jefa ka. Ido a kan inda za ka, ba a kan dutse ba, allo inda ido ya kalla yake bi. Idan ka ga ruwa yana tafasa a gabanka, ko ya yi ƙullutu, dutse ne a ƙasa kaɗan. Haura sama ka wuce, ko ka fice ta bayan igiya tun da sauran wuri. Kada ka bi ta har ƙarshe don kwaɗayin juyi ɗaya.

Faɗuwa kuma koyon ta ake yi. Ba a nutso da kai, ba a dirowa da ƙafa a miƙe. Faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, hannu da ƙafa a buɗe, ta bayan allo ko cikin kumfa, yadda ba za ka nitse da zurfi ba. Da ka shiga ruwa, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a fuska, jiki a sake. Yawancin dannewa ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, tsoro ne ke mai da ita minti. Kada ka harba ƙafa neman ƙasa. Fito da hannu a sama, don allonka yana nan yana jira. Kada allo ya taɓa shiga tsakaninka da igiya: mita ɗaya ta ruwan teku, tsawo da faɗi da zurfi, ta haura tan guda, kuma da wannan nauyin za a maka maka shi a fuska.

Idan zubi ya rutsa da kai a ciki, kada ka tuƙa kai tsaye zuwa teku. Karkata zuwa mashigi tsakanin igiya da igiya. Ruwa in bai kai zurfin nitsar da allo ba, riƙe shi ka bar kumfa ta tura ka gefe, ya fi ka dasa hancinsa da yatsunka a dutse. Sakin allo sai ka waiwaya ka ga babu kowa a bayanka. In talala ta tsinke, manta da allon, yi ninƙaya zuwa ruwa mai zurfi, ka ɗaga hannu ɗaya.

Fita da abin da ke biyo baya

Fita tun da sauran ƙarfi, kada ka jira sai hannu ya mutu. Wurin yashi ya fi, ko da zagaye ne. In ta dutse ce, tsaya daga waje ka jira lafawa, ka bi bayan ƙaramar igiya ta ɗora ka, ka sauka daga allo kafin fikafikai su taɓa, ka juya shi ciki sama, ka kama dutse yayin da ruwa ke komawa, sannan ka haura da sauri kafin ta gaba. Kada ka ba teku baya kana gyara talala.

Bushiya kuwa, kusan kowa sai ta taɓa shi. Ƙayarta tana da gautsi, tana karyewa a cikin fata. Jiƙa wurin a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure ba ƙuna, digiri 40 zuwa 45, na minti 30 ko fiye, yana rage zogi. Zare dogayen da matsefata a miƙe, kada ka murɗa. Ƙananan da ke sama-sama, ruwan kal yana taimakawa wajen narkar da su, saboda sinadarinsu dangin na alli ne. Kada ka yi ta tono da allura kamar mai cire ƙayar aduwa, raunin tonon ya fi na ƙayar. Wadda ta shiga gaɓa, ko ta yi zurfi a tafin hannu, ko ta sa yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, aikin likita ne.

Yankan dutse, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da yashi da gansakuka duka, a sa aidin, a rufe. Ja mai yaɗuwa, kumburi, zafi, ruwa ko zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita a teku aka ji raunin, domin ƙwayoyin cutar ruwan gishiri daban ne, maganinsu ma daban. Wanda kansa ya bugu, ya ji jiri, amai ko mantuwa, ya gama shiga ruwa sai likita ya duba shi. Mai ciwon wuya ko mutuwar hannu bayan faɗuwa, a tallafe kansa a miƙe, kada a ɗaga shi a zaune.

Allo ma a duba shi kowace fita. Tsaga komai ƙanƙanta tana shan ruwa. Bar shi ya bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu kafin a liƙe, kuma ka san irinsa: allon ifoksi, mai farin soso a ciki, danƙon ifoksi kawai yake karɓa, na foliyesta yana narkar da soson ya bar rami.

Idan mako ya yi kyau, ka saba da Ngor, sai hasashe ya nuna babbar igiya tana dukan kudancin tsinin ga iskar arewa, je ka Ouakam, gaban masallacin nan mai hasumiya biyu da ke bakin ruwa a gindin Mamelles. Ba kullum take tashi ba. Ranar da ta tashi tana karyewa dama da hagu, da rami a cikinta, a kan dutse, ga kwalekwalen masunta suna shiga da fita ta bakin gaɓar, kuma su ke da hanya. Can ma ranar farko ta ido ce, da agogo a hannu, ruwa a janye.